Tambayoyinku Kan Sojojin Wasa: Fenti, Gam da Iskar Zariya

Wasiƙun wannan watan kusan duk daga Zariya da kewaye suka zo, kuma duk a kan 'yan ƙananan sojojin nan ne da ake tarawa, a yi musu fenti, a jera a tebur a buga wasan yaƙi da ƙwayar ludo da tef ɗin awo. Mun lura yawancin masu tambaya sun bi bayanin da aka rubuta a Ingila ko Jamus ne, ƙasashen sanyi da laima, sai aiki ya ƙi. Iskar Nottingham ta Ingila daban, ta Samaru daban. Mun taƙaita wasiƙun saboda fili.

Daga wani ɗalibi a Samaru: Ina so in fara tarawa, amma ina ganin 1:72, da 28, da 54 a jikin kwalaye. Wanne zan saya? Za su zauna tare?

Malam, lambobin nan iri biyu ne. Mai ɗigo biyu a tsakiya, kamar 1:72, yana nufin an rage tsawon mutum sau 72. Namiji mai mita 1.75 zai dawo milimita 24 ke nan. Wanda aka rubuta da milimita kuwa tsawon sojan ne kai tsaye, amma a nan rigima take: wasu kamfanoni daga tafin ƙafa zuwa ido suke aunawa, wasu zuwa tsakar ka, shi ya sa za ka sayi 28 daga wuri biyu ka tarar wani ya ɗara wani. A ƙiyasi, 28 na tafiya da motoci da tankokin 1:56, 15 na tafiya da 1:100, 54 kuma shi ne 1:32, girman tsofaffin sojojin dalma na kamfanin Britains, wanda ya fara zuba su da rami a ciki a 1893. Da irinsu marubucin Ingila H. G. Wells ya tsara dokokin wasansa da aka buga a 1913.

Ga ɗalibi a ɗakin haya, 1:72 muke zaɓa. Kwali ɗaya na Airfix ko Italeri yakan ɗauki sojojin ƙasa 40 zuwa 50, ba nauyi, kuma duk wanda ya taɓa yin odar kaya ta intanet ya san kuɗin kawowa ke karya mutum. Na 28 sun fi cika ido, sun kuma fi sauƙin fenti don sassaƙarsu ta fito sarai, sai dai tsada da cin wuri. Kada ka gwama su a runduna ɗaya, za su zama kamar yaro yana bin babansa masallaci. Kafin ka biya ko sisi, nemi wanda za ku riƙa wasa tare ku tsayar da girma ɗaya da zamani ɗaya.

Daga Sabon Gari: Na yi wa sojoji 40 fenti, da na taɓa bindigoginsu sai fentin ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa. Na yanke kan wani zan sa wa wani, sufa gulu ya ƙi kamawa. Fentin ne jabu ko gam ɗin?

Ɗan'uwa, ba su da laifi su duka biyun. Robar ce. Roba iri biyu ake yin sojojin nan da ita, mai tauri da mai laushi, kuma kowacce da halinta. Gwaji mai sauƙi: yanki guntun firam ɗin da sojojin ke maƙale a jiki ka jefa a kofin ruwa, ka danna shi da yatsa don kumfar iska ta sake shi. In ya taso sama, robar da ake yin jarka da leda ce, mai santsi kamar kakin zuma, wadda babu abin da ke son manne mata. In ya nutse kuma yana karyewa ƙas in an lanƙwasa, mai tauri ce. Yawancin kwalayen 1:72 mai laushi ce a ciki, kuma daga bayaninka ita ke hannunka.

Ga yadda ake bi da ita. Da farko wanki: ruwan ɗumi, sabulun wanke-wanke na ruwa ɗigo uku ko huɗu, da tsohon buroshin haƙori. Akwai maiƙon da ke fitowa tare da su daga masana'anta, ido ba ya ganinsa, amma shi ke hana fenti zama. Ɗauraye, ka baza a kan tawul su kwana. Daga nan kada ka ƙara riƙe su da yatsa. Manna kowane a murfin kwalba ka riƙa kama murfin.

Sai layin zubi, wato siririn tudun da ya zagaye soja daga kai zuwa ƙafa inda ɓangarori biyu na mazubin suka haɗu. A roba mai laushi yanke shi ake yi da sabuwar reza, a kwance, a hankali. In ka kankare ko ka sa samfefa sai wurin ya tashi gashi-gashi, kuma ba gyara.

Sannan ka dama farin gam na kafintoci, irin su Top Bond, kashi ɗaya da ruwa kashi ɗaya, ka shafe sojan gaba ɗaya da shi siriri. In ya taru a hammata ko tsakanin ƙafafu, tsotse shi da bakin buroshi, in ba haka ba zai cike sassaƙar. Bar shi ya kwana. Gam ɗin nan ba kama robar yake yi sosai ba, riga yake zame mata mai lanƙwasuwa, fenti kuma ya kama rigar. Bayan ka gama fenti ka sake rufewa da ruwan kariya, wanda masu zane ke kira banish. Fentin ya zauna tsakanin fata biyu ke nan, ko bindiga ta lanƙwashe ba zai tsage ba.

Batun kai kuwa, ƙusa ake sa masa. Yanki allura ko wayar kilif ɗin takarda tsawon milimita 5 zuwa 6, kama da filaya ka tura rabi cikin wuya, ka diga sufa gulu kaɗan, ka soka kan a ɗaya rabin. Ƙarfen ne ke riƙewa, gam ɗin hana juyawa kawai yake yi. Akwai sufa gulu na Loctite da ke zuwa da alƙalamin share fage don irin wannan robar. In ka samu, ya fi. Ga roba mai tauri, gam mai narkarwa kamar Tamiya ko Revell Contacta shi ne daidai, don narka fuskokin biyu yake yi su zama abu ɗaya. Ga sojan ƙarfe ko na rezin, wato wata irin roba da ake zubawa ta daskare, sufa gulu, in gaɓar babba ce kuma Araldite.

Wani abu da mutanen Turai ba sa faɗa don ba ya damunsu: sufa gulu da laimar iska yake daskarewa. A watan Janairu a Zariya za ka riƙe gaɓa minti biyu ba ta kama ba. Hura mata numfashi daga ɗan nesa, irin hucin da ake yi wa gilashin tabarau, nan take za ta kama. Ƙara gam ba ya magani, sai ma ya bar farin hazo a kewayen wurin.

Daga wata malamar zane a Tudun Wada: Da hunturu fenti na bushewa a bakin buroshi kafin ya kai jikin soja. Na fesa fentin gwangwani kuma ya fito da tsakuwa-tsakuwa kamar yashi. Mu haƙura sai damina?

Malama, kada ki haƙura. Hunturu ma ya fi damina daɗin aiki in an san kansa.

Abu na farko jiƙaƙƙen faranti. Ki samu robar abinci mai murfi marar zurfi, ki ninka tishu huɗu ko ki yanka siririn soso a ƙasa, ki zuba ruwa har ya jiƙe sharaf amma bai yi iyo ba, ki shimfiɗa takardar gashin kek a sama. A kan takardar za ki diga fenti. Ruwa na ratsowa kaɗan-kaɗan daga ƙasa, fentin da zai mutu cikin minti uku a kan tasa sai ya kai awa biyu da ransa, in kin rufe ma ya kwana. Ki yi amfani da ruwan leda ko na gora. Na rijiya yakan bar farin tabo in ya bushe. Da damina ki riƙa canza tishun duk mako don yana fumfuna.

Na biyu buroshi. Masu farawa kan ɗauka mafi ƙanƙanta, mai lamba 000, shi ne na ƙaramin aiki. A iskar nan shi ne mafi muni, domin ba shi da cikin da zai riƙe ruwa. Ki nemi lamba 1 ko 2 mai tsinin baki. Tsinin ke zane, cikin ke ajiye danshi. Kada fenti ya kai ƙarfen wuyansa, in ya bushe a can gashin zai tarwatse har abada.

Na uku kaurin fenti: ɗigo biyu na fenti, ɗaya na ruwa, ya zama kamar madarar shanu sabuwar tatsa. Shafi biyu siriri ya fi ɗaya mai kauri. In har yanzu yana saurin bushewa, ki diga gilisarin ɗin da ake saya a kemis don kaushi, ɗigo ɗaya tak a cikin murfin gora na ruwa, ki riƙa sirkawa da shi. In kin wuce haka fentin zai yi kwanaki yana danƙo.

Tunda ke mai zane ce, akirilik na tub da shagunan kayan zane ke sayar wa ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello zai yi aikin, sai dai ya fi fentin sojojin wasa irin su Vallejo ko Citadel buƙatar sirki da maimaita shafi, musamman ja da rawaya. Fentin fosta na yara kam a'a, yana narkewa duk lokacin da ruwa ya taɓa shi.

Tsakuwar da kika gani a feshi kuwa fenti ne da ya bushe a iska kafin ya sauka. Jikin gwangwani zai ce ki tsaya santimita 25 zuwa 30. Da hunturu ko bazara ki matso zuwa 15 ko 20, ki riƙa wucewa da sauri, ki fara fesawa a gefe kafin ki bi ta kan sojan. Girgiza minti biyu cur, da agogo. In da safe ne gwangwanin ya yi sanyi, ki tsayar da shi a ruwan ɗumi minti biyar, ɗumin da hannu ke jurewa, ba tafasasshe ba, kuma nesa da wuta. Ki yi a waje cikin inuwa, da hantsi kafin iska ta taso, kina gamawa ki kife babbar roba a kansu saboda ƙura. In kina da shakka a kan robar sojan, gwada ɗaya tukuna: firaimar masu fentin mota, wato shafin farko da ake yi kafin fenti, takan ƙi bushewa a kan wasu robobi masu taushi, ta zauna tana kama yatsa wata da watanni.

Daga cikin birni, kusa da Ƙofar Doka: Ina so in haɗa rundunar Zazzau ta da, da 'yan lifida da dakaru. Ban ga kamfanin da zan saya a wurinsa ba. Ta yaya zan mayar da wasu sojoji su zama namu?

Malam, wannan ita ce tambayar da ta fi yi mana daɗi, kuma kai ka fi kowane Bature kayan aiki, don abin da yake nema a tsohon hoto kai kana ganinsa da idonka ranar hawan sallah. Ka je da waya ka ɗauki doki ta gefe, ta gaba, ta baya, ka lura da inda lifidi ya tsaya a ƙafar doki da yadda jalala ke kwanciya a kan sirdi.

Aikin ba zai tashi a banza ba, domin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Ɗan lifida guda zai yi maka wasan zamanin Sarauniya Amina, ya yi na jihadin 1804, ya yi na yaƙin Turawa da Kano a 1903.

Fara da doki. Nemi kwalin mahayan Larabawa na zamanin yaƙe-yaƙen Salibiyya, ko jaruman Turai na ƙarni na 13 waɗanda dawakansu ke da lulluɓi. In akwai zaɓi ɗauki ƙananan dawakai. Ingarmun Turai sun yi wa namu girma. Lifidi riga ce da aka cusa wa audugar rimi aka ɗinke, saboda haka kauri gare shi, yana tsayawa ƙiƙam, ba ya kaɗawa a iska kamar mayafi. Kuskuren da aka fi yi ke nan, a yi shi siriri mai lanƙwasa.

Hanya biyu ce. Mai arha: yanka tishu ninki uku, gida biyu, ɗaya na ƙirji da wuya, ɗaya na gindi, ka ɗora a kan dokin a bushe, sannan ka riƙa taɓa shi da buroshi mai ɗauke da farin gam da ruwa rabi da rabi har ya sha. Kada ka jiƙa shi a hannu, zai yage. In ya kwana ya yi tauri ka zana ɗinkin da fenti. Mai kyau: ƙullun gyara mai haɗi biyu, Milliput ko koren nan da ake kira Green Stuff. Murza rabi da rabi har launin ya zama ɗaya ba zane, bar shi ya huta minti goma, ka daɓe shi tsakanin leda biyu da aka shafa wa basilin har kaurinsa ya kai kusan milimita 1 ga sojan 28, rabin haka ga 1:72. Yanka, ɗora, danna, sannan ka yi amfani da bayan reza ka tsaga layuka masu gicciye su ba da gida-gida. A takarda ƙullun nan na ba da fiye da awa guda ana aiki. A zafin Afrilu ka ƙaddara rabin haka, don haka kwaɓa kaɗan-kaɗan, girman ƙwayar wake. Ragowar koren ka ajiye a firji. Ƙullun da masu gyaran famfo da bakanikai ke sayarwa yana sandarewa cikin minti biyar, bai dace da sassaƙa ba. Ka wanke basilin da sabulu kafin fenti.

Yi gefe ɗaya yau, ɗaya gobe. In ka ce sai ka gama a zama ɗaya, babban yatsanka zai murƙushe abin da ka fara.

Mahayi: kankare alamun Turai, ka lulluɓe jikin da ƙullu siriri ya zama riga mai kauri. Kwalkwali dunƙule ne a kan kai, gashin jimina kuma zaren auduga ne da aka tsefe aka taurara da gam. Rawani: mirgina ƙullu ya zama zare, naɗa sau biyu ko uku, kawo amawali ta ƙarƙashin haɓa. Rawani mai kunne biyu na jinin sarauta ne, kada ka ɗora wa kowane barde. Mashin roba ka yanke ka yar. Sa wayar ƙarfe mai kaurin milimita 0.8, ka buga bakinta da guduma ya baje, ka goga da zarto ya yi tsini. In akwai yara a gida, zaren tsintsiyar roba ya fi aminci, ana matse bakinsa da filaya a yanka. Garkuwa kuwa daga murfin robar man shafawa ake yankawa.

Ga dakaru a girman 28, kwalin Ansar na Mahadin Sudan da Perry Miniatures ke yi da roba mai tauri yana da riguna da masu da takubba da suka yi kusa. Kankare facin da ke jikin jibbar, ka bai wa da yawansu kwari da baka, don maharba su ne ƙashin bayan rundunonin ƙasar Hausa.

In 1903 za ka buga, ka tuna rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland daga Zariya ta tashi ranar 29 ga Janairu da sojoji 700 da 'yan kai, da igwa da bindigar Maxim, ta bi ta Bebeji, Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu. In kun bar dokar wasa a kan wanda ya fi kashe wani, wasan zai ƙare kafin shayi ya huce. Ku sa wa kowane ɓangare nasa burin: masu ganuwa su riƙe ƙofa zagaye shida, ko su fitar da ayari lafiya ta wata ƙofar.

Daga Kongo a nan Zariya: Fatar sojojina ta fito baƙa ƙirin ba a ganin fuska. Da na sa fari don ta yi haske sai suka koma kamar an shafa musu toka.

Ɗan'uwa, ajiye baƙi da fari duka. Ka dubi hannunka a rana: ruwan ƙasa ne mai ja a ciki. Shimfiɗa ruwan ƙasa mai duhu. Sannan ka haɗa ruwan inuwa: wannan fentin kashi ɗaya da ɗan shunayya, ruwa kashi shida, da kan tsinken sakace na sabulun ruwa don ya gangara cikin ramuka. In ya bushe ka koma da launin farko a goshi, karan hanci, kumatu, haɓa da gaɓoɓin yatsu. Haske na ƙarshe ka sirka da ruwan goro ko jar ƙasa, ka taɓa hanci da kumatu kawai. Fari kashe ɗumin launi yake yi, shi ya kawo tokar. A 1:72 kada ka wahalar da kanka da ido.

Farar riga ma ba da fari ake farawa ba. Fara da ruwan madara ko toka mai haske, inuwa da ruwan ƙasa mai haske ƙwarai, fari tas sai a kan tudun ninki. Rawani ɗan Kura kuma shuɗi mai duhu da shunayya, a ƙarshe a taɓa shi da banish mai sheƙi shi kaɗai.

Daga Wusasa: Na fesa banish a watan Agusta, duk suka yi fari kamar an barbaɗa musu gari. Sun lalace?

Ba lallai ba. Laima ce ta shiga tsakanin feshin da sojan. Jira ranar da rana ta fito sosai, ka shafa banish mai sheƙi da buroshi a kan guda ɗaya. Sau da yawa farin na ɓacewa nan take. In ya yi, bi sauran, sannan ka rufe da marar sheƙi. In ya ƙi, jiƙa su a Dettol ruwan ƙasa, tsantsa, awa 12 zuwa 24, ka goge da buroshin haƙori a cikin Dettol ɗin, da safar hannu. Kada ruwa ya taɓa su sai fentin ya gama fita, in ba haka ba zai zama ƙaro mai danƙo. Sifirit ɗin da masu gyaran waya ke wanke allo da shi ma yana cire akirilik. Tina da ruwan goge fentin farce na sojan ƙarfe ne kaɗai, narka roba mai tauri suke yi. Daga Yuli zuwa Satumba ka bar gwangwani, ka yi banish da buroshi.

Daga wani matashi a PZ: Abokina ya ce mu narka dalmar tsohon batirin mota mu riƙa zuba namu sojojin. Yaya ake yin mazubin?

Ƙanena, ba za mu koya maka wannan ba. Dalma na narkewa a digiri 327, murhun gawayi ya isa, kuma sauƙin nan shi ne haɗarin. Ƙurarta da dattin da ke tasowa a saman narkakkiyar suna zama a ƙasar tsakar gida, yaro mai rarrafe ya kai baki. Gubar dalma ce ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010. Ga ruwan batir mai ƙuna, ga kuma ɗigon ruwa ɗaya a mazubi da zai watso maka narkakken ƙarfe a fuska. Kamfanonin da kansu yawancinsu sun koma haɗin kuza marar dalma tun shekarun 1990.

In kuɗi ne matsalar, yi sojojin takarda: zana gaba da baya, buga a kati mai kauri, ninke, manna a wosha. Sojoji 100 za su fito a kati kaɗan. Wanda kuma ya gaji tsofaffin sojojin dalma ya ga farin gari na fito musu, ya ware su daga sauran, ya fitar da su daga akwatin katako ko kwali, don tururin tsami da ke fita daga katako haɗe da laima ne ke cin su. A wanke hannu bayan taɓawa.

Daga wani dattijo a Basawa: Mahaifina ya je yaƙin Bama. Jikana na so ya yi sojoji irinsu. Wace hula, wane kaki?

Baba, Allah ya jiƙan magabata. 'Yan Najeriya sun yi yaƙin ne a Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma tsakanin 1943 da 1945, kuma bataliya ta 6, ta 7 da ta 12 sun shiga dajin tare da dakarun Birtaniya na musamman da ake kira Chindit a 1944, sunan da barikin Chindit na nan Zariya ke ɗauke da shi. Jar dara da jar 'yar shara na fareti ne, kada jikan ya sa su a daji. A fagen fama malafa ce mai faɗin baki, kaki da farko, daga baya kore mai toka-toka wanda rana da ruwa suka koɗar. Ya haɗa kore kashi uku, toka kashi ɗaya, da ɗigon shuɗi. Kwalin sojojin Ostareliya na Airfix na da malafar da ta dace. Ya riƙe masu bindigar Lee-Enfield da Bren, ya ware masu ƙaramar bindigar Owen, ta mutanen Ostareliya ce. Ya rataya wa kowa adda a ƙugu. Kada ya manta da 'yan dako masu kaya a ka, don a kansu Runduna ta 81 ta ratsa tsaunukan Kaladan inda mota ba ta shiga. Guntun katako da aka naɗe da tishu ya isa kaya.

Daga wani mahaifi a Gyallesu: Ɗana na son wasan, amma zuciyata ba ta kwanta da mutum-mutumi a gida ba.

Alhaji, wannan shafi ba na fatawa ba ne. A Malikiyya maganar ta fi tsanani a kan surar mai rai wadda ke da inuwa kuma halittarta ta cika, malamai sun kuma yi bayani daban a kan kayan wasan yara. Ka kai wa malaminka ɗaya ya gani da idonsa. Ta fuskar wasa kuwa ba a rasa komai: wasan da hafsan Furusiya, wata tsohuwar masarautar Jamusawa, mai suna Reisswitz, ya gabatar wa sojojin ƙasarsa a 1824 da 'yan tubala ja da shuɗi aka buga shi a kan taswira. Kafinta zai yanka maka katako santimita 4 da 2 da 1, a yi fenti, a rubuta sunan runduna a sama. Tankoki, jirage da igwa ma fage ne mai faɗi.

Daga Tukur-Tukur: Na gina ganuwa da laka ta gaske, ta tsattsage ta zube. Da me zan yi, kuma wane tebur?

Laka na ƙanƙancewa in ta bushe, ga nauyi. Yi ƙashin ginin da farin soson da ake tokare talabijin a kwali. Ganuwa faɗi gare ta a ƙasa tana tsukewa a sama. Je ka dubi abin da ya saura nata ka ga gangaren. Bango mai mita 6 zai zama santimita 8 da ɗan kai a 1:72. Tankaɗe jar ƙasa da rariya, soya ta a tsohon kasko minti goma don kashe ƙwan ƙwari, ka dama kashi biyu da farin gam kashi ɗaya da ruwa kaɗan, ka yaɓe siriri da yatsa. Sawun yatsan ma kama yake da yaɓen magina. Kada fentin gwangwani ya taɓa soson tsirara, narkewa yake yi. Fentin ɗaki na ruwa ya wadatar a nan. Ga gidaje ka ƙara zanko a kusurwa da indararo na tsinken alawa. Kuka da rimi daga murɗaɗɗiyar wayar lantarki ake yi, a yaɓe gindin da ƙullu.

Sojojin ka manna su a woshar bakanike, mai milimita 20 ga 1:72, 25 ga na 28, ka yi mata firaima sama da ƙasa saboda tsatsa. Ajiya a roba mai murfi, nesa da ƙasa don gara da kyankyaso na son gam da kwali, kuma ban da cikin mota da rana.

Tebur da aka saba shi ne ƙafa 6 da 4. Falen filawud ƙafa 8 da 4 yake zuwa, sai kafinta ya raba shi huɗu, kowane ƙafa 2 da 4: uku su ne filin daga, suna shiga ƙarƙashin gado, na huɗun ka yanka gindin tsaunuka da gidaje. Ka yi wa kowane fenti gaba da baya da gefuna, don wanda aka shafa wa fuska ɗaya yana bankarewa da ruwan farko.